Jinjina ga Katalis, Gwanin Mayar da Shara Dukiya

A duk cikin fasahohin da ilimin kimiyya ya zo da su, babu wadda ta kwanta mini a rai kamar fasahar katalis, wato amfani da wani ɗan sinadari wajen juya tsirrai da ragowar amfanin gona su koma man inji da kayan masana'antu. Ina son wannan fanni so na haƙiƙa, kuma ina ganin babu ƙasar da ya dace da ita kamar ƙasar Bauchi. Dalilina ɗaya ne, amma babba: abin da ake sarrafawa namu ne, abin da ake sarrafa shi da shi ma namu ne. Totuwar masara, ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, tuƙar rake, tsohon man suya, ga su nan muna tsallakewa kullum. Ɓawon ƙwai da toka da farin yumɓun Alkaleri, waɗanda ake haɗa katalis da su, su ma ga su nan a ƙofar gida. Wace fasaha ce kuma ta zo mana da sauƙi irin wannan?

Aikin katalis shi kansa abin burgewa ne. Akwai abubuwa biyu da za su iya haɗuwa su haifar da na uku, amma in an zuba musu ido sai su shekara ba su haɗu ba, ko kuwa sai an gana musu wuta mai tsananin zafi. Da zarar an jefa ɗan katalis a tsakaninsu, abin da zai ɗauki shekara sai ya kammala cikin awa guda. Shi kuma katalis ɗin ba ya shiga cikin abin da aka samu. Tamkar mai dalilin aure yake: ya haɗa saurayi da budurwa, a ɗaura aure, ya kaɗe rigarsa ya tafi haɗa wani. Saboda haka ɗan kaɗan ke yin aiki mai yawa, kuma a sake amfani da shi.

Kada mai karatu ya ɗauka baƙon abu ne. Iyayenmu mata sun daɗe suna aiki da shi a madafa. Tsiron hatsi da ake nikawa a zuba cikin kunu, ya tsinka shi ya sa masa zaƙi tun ba a sa sukari ba, katalis ne ke aiki a ciki, irin wanda masana ke kira enzayim, yana yanka sitacin hatsi yana mayar da shi sukari. Yis ɗin da mai masa ke zubawa a ƙullu da dare, da safe ta tarar ya tashi yana kumfa, shi ma enzayim ɗin da ke cikinsa ne ya cinye sukari ya fitar da iskar da ke sa masar Bauchi laushin da ta yi suna da shi. Abin da masana suka yi shi ne, sun gano sirrin, suka faɗaɗa shi, suka kai shi inda tukunya ba ta isa ba.

Tarihin fannin kuwa daɗi gare shi. A 1811 wani masani a birnin St. Petersburg na Rasha, Gottlieb Kirchhoff, ya dafa sitaci da ruwa mai ɗan asid, sai ya ga sitacin ya koma sukari, asid ɗin kuma yana nan bai ragu ba. A 1900, a babban baje-kolin duniya na birnin Paris, aka tayar da injin dizal da man gyaɗa zalla, ya yi ta aiki lafiya lau. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, domin tana tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka, inda gyaɗa ke da yawa. Man gyaɗa fa! Shekaru kaɗan bayan haka jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, har aka kai ga dalar gyaɗa. Ashe tun a wancan zamani buhunan nan da ake jerawa har sama suna ɗauke da abin da zai iya juya inji.

Matsala ɗaya ce ta tsaya a gaba: kauri. Man gyaɗa ya ninka man gas kauri kusan sau goma, in an daɗe ana zuba wa inji shi sai ya toshe bakin da ke fesa mai, ya tara baƙi a ciki. A nan katalis ya nuna gwanintarsa. A 1937 wani malami a Jami'ar Brussels ta ƙasar Beljiyam, mai suna Chavanne, ya yi rajistar hanyar tsinka manja ya zama mai marar kauri, kuma a 1938 wata motar fasinja ta yi ta zirga-zirga da shi tsakanin Brussels da Louvain. Wannan shi ne abin da ake kira biyodizal a yau. Yadda abin yake, kowace ƙwayar man girki tana da dogayen rassa uku da suka manne a gindi ɗaya, gindin nan shi ne gilisarin. Katalis yana taimaka wa sinadarin metanol ya cire rassan ɗaya bayan ɗaya. Rassan da suka rabu su ne man inji, gindin kuma ya kwanta a ƙasa.

Na ga wannan da idona a nan Shadawanka, kuma har gobe in na tuna sai na ji daɗi ya kama ni. Wata 'yar maƙwabcinmu, ɗiyar wani tsohon soja, ta karanta ilimin sinadarai a jami'a, aikinta na kammala karatu ma a kan wannan ta yi. Da na cika ta da tambaya sai ta ce, "Baba, gani ya kori ji. Ka zo ka gani da kanka." Ɓawon ƙwai ta tara daga wajen masu shayi na kasuwar Mami, ta wanke, ta shanya, ta daka a turmi ta tankaɗe. A makaranta ta gasa garin cikin murhun ɗakin gwaji, a zafin da ya kai digiri 900, har ya koma fari fat. Ɓawon ƙwai kusan dukkansa sinadarin alli ne, wuta ce ke kore iskar da ke jikinsa ta bar abin da ake kira kalsiyam oksayid, shi ne katalis ɗin. A kwalba mai murfi ta adana shi, domin in ya sha iska da danshi ƙarfinsa raguwa yake yi.

Man kuwa daga wajen wata mai ƙosai ta karɓo shi, wanda aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi ƙirin. Ta tace shi da tsumma, ta ɗora a wuta ruwan jikinsa ya ƙone. Ta sa safar hannu da tabarau, a tsakar gida inda iska ke kaɗawa, ta dama farin garin nan da metanol, ta juye cikin man, ta riƙe zafin a wajen digiri 60 tana juyawa sama da awa biyu. Daga nan ta tace garin ta ajiye gefe, ruwan kuma ta zuba a gora ta bar shi ya kwana. Da safe, tubarkalla! Gorar ta rabu gida biyu, da layi a tsakani kamar an ja da biro. A ƙasa wani abu mai duhu da kauri, a sama kuma mai garai-garai, launin ruwan zuma. Na ɗiga a yatsa na murza, babu wannan danƙon na man suya ko kaɗan. Bayan ta wanke shi da ruwan ɗumi ta busar, aka gauraya da man gas aka zuba a injin niƙa na unguwa. Injin ya tashi, ya niƙa masara, hayaƙinsa na ƙamshin suya. Na ce mata, "'Yata, Allah Ya yi miki albarka." Sai ta nuna mini garin da ta tace ta ce, "Baba, wannan ma bai mutu ba. In na wanke shi na sake gasa shi, zai ƙara wani zagayen."

A duba yawan alherin da ke cikin gora ɗaya. Man da in aka ci gaba da suya da shi cutar da ciki zai yi, in aka zubar kuma ya toshe kwata, ya zama abin tayar da inji. Ɓawon da ke jawo ƙuda a bola ya zama kayan aiki. Abin da ya kwanta a ƙasa ma ba asara ba ne, domin a duk kilo 100 na mai ana samun wajen kilo 10 na gilisarin, wanda in an tsarkake shi, shi ne dai wanda muke saye a kemis lokacin hunturu saboda kaushi da faso, kuma yana shiga sabulu da man shafawa. Manyan masana'antu da sodar sabulu suke aiki a matsayin katalis, irin wadda mata masu haɗa sabulu suka sani, kashi 1 cikin 100 na nauyin man ya isa, cikin awa guda an gama. Amma ita soda narkewa take yi a ciki, sai an sha wanki kafin a rabu da ita. Fifikon katalis na gari shi ne a tace shi a ɗauke. Tokar ɓawon ayaba da ta wasu tsirrai, saboda sinadarin kanwa da ke cikinta, ita ma masu bincike a jami'o'in Najeriya sun gwada ta a wannan aiki ta yi.

Man suya dai somin-taɓi ne. Inda fannin ya fi ƙayatar da ni shi ne wajen busassun abubuwa masu tauri, irin su totuwa da ɓuntu da kara. Jikin kowane tsiro abubuwa uku ne suka gina shi. Akwai selulos, wanda sukari ne zalla da aka ƙulla shi doguwar sarƙa. Akwai ɗan'uwansa hemiselulos, shi ma sukari ne amma na wani jinsi. Sai lignin, wanda ya ɗaure su gam ya ba itace ƙarfi. Wato karan dawa cike yake da sukari, sai dai a kulle. Dukan gwagwarmayar masana ita ce samo katalis ɗin da zai kwance kowane ɗaya ba tare da ya lalata sauran ba, kuma sun yi nisa ƙwarai.

Ɗauki totuwar masara, wadda a wajenmu iyakarta hura wuta. In aka turara ta da tururi mai zafi da ɗan asid, hemiselulos ɗinta sai ya narke ya koma wani ruwa da ake kira furfural. Kamfanin Quaker Oats na Amurka ya fara yin sa a 1922 daga ƙaiƙayin hatsi da ya rasa yadda zai yi da shi. Yau ƙasar Sin ce kan gaba, daga totuwa take yin sa, a Afirka ta Kudu kuma daga tuƙar rake. Ana tace baƙin man inji da shi a matatun mai, ana kuma sake bi da shi ta kan katalis na jan ƙarfe a samu sinadarin da masana'antun zubin ƙarfe ke ɗaure yashi da shi. Sukarin totuwar nan dai, in aka haɗa shi da iskar haidurojin a kan katalis na nikel, sai ya zama zailitol, abin zaƙin da ke cikin cingam wanda ba ya ɓata haƙori. Sukarin masara ta wannan hanya ya zama sobitol, wanda ke cikin man goge baki da magungunan ruwa na yara, kuma daga shi ake fara haɗa bitamin C. Ko lignin mai taurin kai an shawo kansa: kamfanin Borregaard a ƙasar Norway yana fitar da ƙamshin banila na kek da askirim daga itace. A 2004 ma'aikatar makamashi ta Amurka ta fitar da jerin sinadarai 12 da ake iya samu daga sukarin tsirrai, waɗanda za a gina ɗaruruwan kayayyaki a kansu, gilisarin da sobitol da zailitol duk suna ciki.

Sai kuma sarkin katalis a wajena, ziyolayit. In aka gasa ɓuntu ko ɓawon gyaɗa a zafin digiri 500 ba tare da iska ba, ba ya kamawa da wuta, hayaƙi yake fitarwa, in hayaƙin ya huce ya zama baƙin mai. Wannan mai ɗanye ne, ga tsami ga ruwa, yana cin ƙarfe. Amma in aka bi da hayaƙin ta cikin ziyolayit, labari ya sha bamban. Shi ziyolayit wani farin gari ne wanda kowace ƙwayarsa cike take da ƙananan ramuka, faɗin kowanne bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na milimita ba. A cikin ramukan nan ake fizge iskar oksijin daga jikin man, abin da ya fito ta ɗaya gefen sai ya zama dangin sinadaran da ke cikin fetur. Wanda ya fi shahara, ZSM-5, kamfanin Mobil ne ya fito da shi a farkon shekarun 1970. Da me ake haɗa ziyolayit? Da silika da alumina. Farin yumɓun da ake kira kawolin yana da duka biyun, kuma ga shi jibge a Alkaleri, ga shi a Ƙanƙara ta jihar Katsina. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe suna haɗa ziyolayit daga yumɓun Ƙanƙara. Tokar ɓuntun shinkafa kuwa mafi yawanta silika ce, kuma ɓuntu shi ne wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera. Tsibin nan da ke cin wuta a bayan injinan casar shinkafa, shi ne abin sarrafawa, tokarsa kuma ita ce kayan haɗa katalis. Wallahi wannan tsari ya isa a yi masa tafi.

Wanda ke shakkar ko abin ya wuce ɗakin gwaji, ya leƙa duniya. Barazil ta fara shirin zuba etanol na rake a motoci tun 1975, har yau a kansa take. A 2010 kamfanin Braskem ya buɗe masana'anta a Triunfo wadda ta fara da tan 200,000 a shekara, inda katalis ke cire ruwa daga etanol a samu sinadarin da ake yin leda da robobi da shi, wato leda daga rake. Kamfanin Neste na Finland tun 2007 yake bi da kitse da man tsirrai ta kan katalis tare da haidurojin, yana fitar da man gas da inji ba ya bambanta shi da na rijiya. Ranar 28 ga Nuwamban 2023 jirgin saman Virgin Atlantic ya tashi daga Landan ya sauka a New York ba tare da ɗigon man rijiya a tankinsa ba: kashi 88 cikin 100 daga tsohon mai da kitse, kashi 12 daga sukarin tsirrai. Irin man da ke cikin kaskon mai ƙosai ya tsallaka teku da jirgi.

Masoyin gaskiya ba ya ɓoye inda ake buƙatar hattara. Metanol guba ne, shan kaɗan yana makantarwa ko ya kashe, ga saurin kama wuta, don haka wannan ba aikin da yaro zai gwada a ɗaki ba ne, sai wanda ya koya. Man da ya lalace ƙwarai, in aka haɗa shi da soda kai tsaye, sabulu yake zama, dole a fara bi da shi ta katalis na asid. Masarar tuwo da gyaɗar miya ba na tankin mota ba ne, harawa da karmami na dabbobi ne, wani kason kara kuma haƙƙin gona ne domin ya ruɓe ya zama taki. Bini-da-zugu, wanda kusan sulusin ƙwayarsa mai ne, an yi ta zuzuta shi a wajajen 2007, aka buɗe manyan gonaki a ƙasashe da dama, da yawa suka durƙushe saboda a busasshiyar ƙasa ba ya 'ya'ya sosai. Darasin a fili yake: a bar shi a matsayinsa na shingen gona, a tsinci 'ya'yansa tare da na darbejiya da ke zube a bakin titi, a fara da abin da babu mai so. Duk waɗannan ba su rage mini son fannin ba, sun ma ƙara nuna mini cewa inda ya fi ƙarfi shi ne daidai inda muke da yalwa.

Lokaci ma ya yi. Najeriya ta fitar da manufar man tsirrai tun 2007, da burin gauraya etanol kashi 10 cikin 100 a fetur, da biyodizal kashi 20 a man gas. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kowane mai niƙa da mai ban-ruwa da mai janareta ya san darajar lita guda. Mun yi murna da aka ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani a watan Nuwamban 2022, kuma ilimin katalis ɗin da matatar mai ke buƙata shi ne dai wanda sarrafa ɓuntu ke buƙata, wanda ya iya ɗaya ya kama hanyar ɗayan. Bambancin kawai, rijiya tana ƙafewa, totuwa kuwa kowace damina sabuwa ce. Ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Yalwa da Gubi, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, ga cibiyar NARICT a Basawa ta Zariya wadda binciken fasahar sinadarai ne aikinta, ga cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato. Masu ilimin suna nan, kowace shekara ana yaye wasu.

Don haka ina tallata wannan fanni da babbar murya. Ɗalibin sakandare da ke ruwan ido wajen zaɓen abin da zai karanta, ya dubi ilimin sinadarai da injiniyancinsa, akwai abinci a ciki kuma akwai hidimar jama'a. Malaman jami'a su fito da ayyukan ɗalibansu daga kan kanta, su kai su gaban masu injinan casa da masu gidajen abinci. Gwamnatin jiha ta taimaka da murhun gasa katalis da na'urar auna ingancin mai, domin su ne suka fi ƙarfin matashi shi kaɗai. 'Yan kasuwarmu na Wunti da Muda Lawal kuwa, matakin farko bai fi ƙarfin kowa ba: a ajiye jarka a wajen masu ƙosai da masu suyar kifi da awara, a sa wa tsohon mai farashi, a ajiye buhu a teburin mai shayi saboda ɓawon ƙwai, a ɗauki matasan da suka karanci aikin a ba su rumfa da kayan kariya. Wanda ya fara yin haka shi zai buɗe sabuwar sana'a a garin Bauchi, kuma zai same ni a sahun farko na masu sayen litarsa. Allah Ya nuna mana ranar.